Askar da ta yanka Sarkin Gaya



Shekara uku cur Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi bai aika wa Kano da haraji ba. A wancan zamani, sarkin garin da ya riƙe gandu shekara guda an san ya soma leƙen hanya. Wanda ya riƙe shekara uku kuwa ya gama gaya wa duniya cewa cin gashin kansa yake yi. Mai Kano a lokacin shi ne Dadi ɗan Bawa, wanda ya hau gado a 1670 ya zauna har 1703. Dadi bai sa an buga tambarin yaƙi ba, bai tara dawaki ba. Aike ya yi, da lallami da daɗin baki, a zo a gana. Farin Dutse ya amsa kira, kuma wurin ganawar nan aka kashe shi.

Labarin yana cikin Tarihin Kano, littafin nan na Larabci da ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci ya buga a 1908, daga baya ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Shekarun sarakunan da za a ji a nan duk lissafin Palmer ne. Wanda ya buɗe littafin yana neman dogon bayani zai sha mamaki, don 'yan layuka ne kacal: tawaye, shekara uku, yaudara, kisa. Sai wani ɗan ƙari da marubucin ya jefa kamar ba komai ba, wai wasu sun ce da aska aka yi aikin, wasu kuma suka ambaci baura. Daga nan ya wuce abinsa.

Kafin a fahimci nauyin wannan kisa sai an san me Gaya take a idon Kano. Gaya ba ƙauyen da aka ci da yaƙi jiya ba ce. Abagayawa, maƙeran da ake cewa su suka fara sauka gindin Dala suna neman tama, daga Gaya asalinsu yake komawa. A labarin Bayajida ma, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya sare macijiyar rijiyar Kusugu. A zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Tarihin Kano ya ambaci Agalfati ɗan Sarkin Machina a matsayin Sarkin Gaya, abin da ke nuna garin yana da dangi da ƙawaye ta gabas, wajen Barno. Duk mai fita daga birni ya haye kogin Wudil ya nufi gabas, ƙasar Gaya zai ratsa. Idan mai wannan gari ya juya baya, ƙofar gabas ce ta rufe, kuma sauran sarakunan garuruwa ido za su zuba su ga yadda za a ƙare.

Shi kuma Dadi, sarki ne da ya taɓa ganin uwar bari. A zamaninsa Kwararrafa suka sake dirar wa Kano. Ya so ya fita ya tare su a waje, manyan gari suka hana shi. Maharan suka shigo ta Ƙofar Gadon Ƙaya, suka yi wa mutanen Kurmi yankan rago. Da abin ya kai maƙura, Galadima ya tashe shi, aka fito da kayan tsafin gidan sarauta, Cibiri da Bundu, aka yi arangama a cikin gari. Jarumawan da ke damansa da hagunsa da malaman da ke gabansa kusan duk suka faɗi. Sarkin Kano da kansa ya yi ta kansa sai Daura. Mutumin da ya dawo daga irin wannan gudu, ya tarar da gari a ƙone, barade a ƙasa, sannan wani na ƙarƙashinsa ya hana shi haraji shekara uku, ba sai an tambaye shi abin da yake ji ba. Mai yiwuwa ba shi da rundunar da zai kai Gaya. Mai yiwuwa kuma yana da ita, tsoron sake shan kaye a bainar jama'a ne ya hana shi. Ko wanne ne, ya zaɓi hanyar da ba ta bukatar dawaki.

A ɗan tsaya a kan askar nan. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami a kasuwar Gaya ko ta Ajingi ya san yadda abin yake. Ka zauna a tabarma, ya buɗe zabira, ya jiƙa maka kai da ruwa, ya wasa askarsa, ya dafa ƙeyarka da hannun hagu ya sunkuyar da kai. In ya zo gyaran gemu, sai ya ɗaga haɓarka sama, maƙogwaro a fili, kai kuma ka lumshe ido kana jin hirar kasuwa. Babu wani lokaci da namiji yake miƙa wuyansa ga wani namiji da yardar ransa kamar wannan. Ba a zuwa fagen fama da aska. Ƙarama ce, tana ɓuya a hannun riga, kuma ba ta aiki sai a jikin wanda ya saki jiki. Baura kuwa ƙarfe ne mai kaifi da 'yan shanci suke ɗaurawa a hannu, a fito fili ana kiɗa ana kirari, a yi wasan maza. Wanda ya mutu a irin wannan fage, ana iya cewa tsautsayi ne. Ruwayoyin biyu sun saɓa a kan makami, amma sun haɗu a abu guda: sai da aka sa Farin Dutse ya yarda cewa ba abin da zai same shi.

Abin da littafin bai faɗa ba shi ne yadda Dadi ya kwana a daren nan. Ba laifin marubucin ba ne, haka ake rubuta tarihin sarakuna ko'ina: wane ya hau, sunan uwarsa wance, ya yi yaƙi kaza, ya yi shekara kaza. Ba a shiga turaka. Don a leƙa abin da ke faruwa a ƙirjin wanda ya kashe don mulki, sai an nemi wani irin rubutu daban, kuma wanda ya fi shahara a wannan fanni wasan kwaikwayo ne da aka rubuta a Landan wajen 1606, shekara sittin da 'yan kai kafin Dadi ya hau gado. Sunan wasan Makbet, mai shi kuma Wiliyam Shekspiya.

Makbet jarumi ne, hakimi a ƙasar Sikotlan, ɗan'uwan Sarki Dankan. Yana dawowa daga yaƙin da ya ci wa sarkinsa, tare da abokinsa Banko, sai suka yi kiciɓis da wasu matsafa mata uku. Suka yi masa albishir da ƙarin sarauta, bayanta kuma gadon sarki. Banko suka ce shi ba zai yi sarauta ba, amma zuriyarsa za ta yi. Ba a jima ba albishir na farko ya tabbata. A lura da kyau, matan nan ba su ce masa ya kashe kowa ba. Shi ne da kansa, tun bai bar wurin ba, tunanin kisa ya faɗo masa har tsigar jikinsa ta tashi. Wannan shi ne wayon marubucin. Boka ba ya shuka abin da babu irinsa a zuciya, ban ruwa kawai yake yi.

Sai ga sarki ya zo kwana gidansa. Makbet ya keɓe yana lissafi, kuma lissafinsa daidai ne ƙwarai: mutumin nan ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne, sannan sarki ne mai sauƙin kai da ba a kuka da shi. Ya duba ya rasa dalili ko guda, in ban da kwaɗayin kujera. Har ya gaya wa matarsa a bar maganar. Ita kuwa ba ta tsaya jayayya da hujjojinsa ba, ta san ba za ta ci nasara a nan ba. Mazantakarsa ta taɓa. Ta yi masa gorin ragwanta, ta tuna masa alkawarin da ya ɗauka, ta shimfiɗa masa dabara: za ta bugar da dogaran sarki da giya, a yi aikin da wuƙaƙensu, a shafa musu jinin. Cikin 'yan mintoci mutumin da ya gama kawo dalilai huɗu na barin kisa ya miƙe ya tafi yi. Masu sauraro da suka san yadda ake zuga yaro a majalisa da cewa ai kai ba namiji ba ne, sun san wannan makami bai tsufa ba.

Daga nan ne wasan ya zama abin da ya zama. Makbet ya fito daga ɗakin da wuƙaƙen a hannu, ya manta ma an ce ya bar su can. Abin da ya dame shi a wannan sa'a ba tsoron kamu ba ne. Ɗaya daga cikin masu barci ya yi addu'a cikin magagi, shi kuma ya so ya ce amin, kalmar ta maƙale masa a wuya. Ya kuma ji kamar wata murya tana shelar cewa shi da barci sun raba gari. Matar ta yi masa tsawa, ta karɓi wuƙaƙen ta mayar, ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa ya wanke su. Kafin wasan ya ƙare, ita ce take tashi tsakar dare tana yawo cikin barci, ba ta yarda a kashe mata fitila, tana ta murza hannu tana wanke jinin da ba mai ganinsa sai ita, tana tona asirin da bakinta a gaban likita da baiwarta. Likitan ya ce ciwon nan ya fi ƙarfin maganinsa, malamin addini take bukata. Ƙarshenta labari ya zo cewa ta mutu, ana kyautata zaton ita ta kashe kanta. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Amma a nan akwai wani abu da mai sauraro Musulmi zai fi saurin ganewa fiye da ɗalibin da ke haddace wasan don jarrabawa. Makbet ya yi nadama tun a daren farko, sai dai bai tuba ba ko sau ɗaya. Nadama daban, tuba daban. Ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu da ke cikin Suratul Ma'ida ta nuna haka: wanda ya kashe ɗan'uwansa ya tsaya da gawa bai san yadda zai yi da ita ba sai da hankaka ya koya masa tono, ya wayi gari cikin masu nadama, kuma ya wayi gari cikin masu hasara. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: a bar laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma da haƙƙin wani a mayar masa. Sharaɗi na ƙarshen nan shi ne yake karya wanda ya kashe don sarauta, domin abin da ya ƙwata yana kansa, da shi yake fita fada kullum. Shekspiya ya san wannan. A wani wasan nasa, Hamlet, sarkin da ya kashe wansa ya durƙusa zai nemi gafara, sai ya tuna rawanin da matar da ya yi kisan dominsu suna hannunsa har yanzu, kuma ba shi da niyyar saki. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Tun da ba za a mayar ba, abin da ya rage shi ne a tsare, tsarewar kuma da wani jinin ake yi. Haka Makbet ya tashi daga kashe sarki zuwa kashe dogarai, zuwa kashe aboki, har ya kai ga aika a yanka matar hakimi Makdaf da 'ya'yanta, waɗanda ba su tare masa komai ba. Kisan farko ya sha doguwar shawara. Na ƙarshen ko tsayawa tunani bai yi ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, Shekspiya ya yi wa tarihi ƙarya, kuma ƙarya babba. Makbet na ainihi ya yi sarautar Sikotlan daga 1040 zuwa 1057, lokacin da a lissafin Palmer Bagauda yake kan gadon Kano. Bai kashe tsoho a kan shimfiɗa ba. Dankan na tarihi ba tsoho ba ne, kuma a fagen yaƙi ya faɗi, bayan ya kai hari yankin Makbet. Makbet ya yi shekara 17 yana mulki, har hankalinsa ya kwanta ya tafi ziyara birnin Rum a 1050 ya yi ta rabon kuɗi ga matalauta. Labarin kashe sarki a masauki da zugar mata, marubucin ya ɗebo shi ne daga ƙissar wani sarki daban a cikin littafin tarihin Holinshed, ya liƙa wa Makbet. A wannan littafin ma da Banko aka ƙulla makircin. To me ya sa aka wanke shi tas a wasan? Saboda Sarki Jems, wanda ya hau gadon Ingila a 1603 ya kuma zama uban ƙungiyar wasan Shekspiya, gidansu yana da'awar daga Banko ya fito. An kashe uban Jems yana jariri, shi ma a 1605 an bankaɗo shirin tayar da majalisa da albarushi yana ciki. Marubucin da ke cin abinci a irin wannan fada ya san inda zai taka. Maroƙan fada ba a ƙasar Hausa kaɗai suke ba.

To ina Dadi ya faɗo a nan? Shi ba ya neman gado, yana kai. Saboda haka kisansa bai yi kama da na Dankan ba, da na Banko ya yi kama, wato kisan da ake yi don kada abin da ke hannu ya suɓuce. A wasan, abin da ya hana Makbet sukuni shi ne tunanin cewa ya sayar da lahirarsa don 'ya'yan wani su ci gado. Ya sa aka tare Banko a hanya da dare aka kashe, amma ɗan ya tsere. Da ya koma wurin matsafan, sai suka nuna masa jerin sarakuna takwas, ɗaya bayan ɗaya, duk da kamannin mutumin da ya kashe.

Yanzu a koma Tarihin Kano a juya shafi guda. Sarkin da ya gaji Dadi a 1703 ɗansa ne, Muhammadu Sharefa. Sunan uwarsa Mariyama, kuma Mariyama 'yar Sarkin Gaya Farin Dutse ce. Littafin ya ƙara da cewa a zamanin Sharefa mutanen Gaya suka yi ƙarfi ƙwarai a cikin Kano. Reshe ya juya da mujiya. An kashe mutum don a karya Gaya, sai ga Gaya a cikin gidan sarki, ta ƙofar da dogari ba ya tsarewa. Bayan Sharefa ɗansa Kumbari ya hau a 1731, bayan Kumbari ɗansa Alhaji Kabe a 1743. A 1753 sarauta ta koma hannun Yaji ɗan Dadi, wanda shi ma littafin ya ce sunan uwarsa Mariyama. Sai 'ya'yan Yaji uku a jere: Babba Zaki a 1768, Dauda Abasama a 1776, da Muhammadu Alwali a 1781, wanda jihadi ya kawar, aka kashe shi a Burumburum a 1807. In Mariyamar guda ce, kamar yadda alamu suka nuna, to sarakuna bakwai ke nan, shekara 104, duk jinin wanda aka yaudara aka yanka. Banko na wasa ƙagagge ne, masana tarihin Sikotlan ba su sami shaidar ya taɓa rayuwa ba. Farin Dutse kuwa sunansa yana rubuce, da na 'yarsa, da na jikansa.

Littafin bai ce ko auren ya riga kisan ba, ko kisan ne ya riga auren. Kowanne aka ɗauka, abin da nauyi. In auren ne farko, to Dadi surukinsa ya kira ya kashe, kuma mai yiwuwa surukutar ce ta sa Farin Dutse ya saki jiki ya zo. In kuwa bayan kisan aka kai Mariyama gidan sarki don a shafe ɓaraka, to yarinya ce aka aurar wa wanda ya kashe ubanta, ta zauna ta haifa masa magaji, ta rene shi. Me take gaya wa yaron nan in dare ya yi? Da ya hau gado ya jawo dangin uwarsa jikinsa, alama ce ko me ta gaya masa ya zauna.

Kada a ɗauka jikokin nan waliyyai suka zama. Sharefa ya ƙago haraji iri bakwai da shi kansa marubucin tarihin ya kira ƙwace, har da na auren budurwa da na Kasuwar Kurmi. A zamaninsa wuri ya shigo ƙasar Hausa, a zamaninsa kuma Zamfarawa suka ci Kanawa da yaƙi. Kumbari ya matsa wa Kurmi da haraji har Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Jinin wanda aka zalunta bai hana su zalunci ba.

Mutum guda ne a cikinsu ya fita daban, kuma labarinsa ya biyo ta Ajingi. Ruwayar baka ta ce Yaji bai sha da daɗi ba a hannun ɗan'uwansa Sharefa da 'ya'yansa. Nesa da birni ya koma, ƙasar dangin uwarsa, ya zauna a Ajingi yana noman taba, 'yan fada suna yi masa ba'a da Ragon Gaya. Gorin da aka yi wa Makbet na dare ɗaya ya tashi ya kashe sarki, shi aka yi ta yi wa Yaji shekara da shekaru. Ɗan sarki ne, yana da dangi masu ƙarfi a gabas, ɗan'uwansa ya hau, ɗan ɗan'uwansa ya hau, jikan ɗan'uwansa ya hau, shi yana nan. Daga rasuwar ubansa zuwa hawansa shekara 50 ne. Ba wanda zai ce ba ya so, don ruwayar ta ce dukiyar tabar nan ita ya tara ya nemi sarautar da ita. Buri yana da shi kamar kowa, aska ce bai ɗauka ba. Da ya hau, Tarihin Kano ya shaide shi da adalci da sanyin hali, har matansa suna kiransa Malam Lafiya, kuma shekarunsa 15 sun wuce ba tashin hankali. Marubutan wasan kwaikwayo ba su cika son irin Yaji ba, don mai haƙuri ba ya cika fage da ihu. Amma wanda ya iya rubutu zai ga cewa shekara hamsin na haɗiye gori su ma yaƙi ne, a cikin ƙirji ake yinsa.

Za a iya kare Dadi, kuma ya kamata a ji ta bakinsa. Farin Dutse ɗan tawaye ne a dokar zamaninsa. Da an kai yaƙi Gaya, da talakawa ne za su mutu, a ƙone rumbuna, a kwashi bayi. Ran mutum guda ya fanshi na ɗaruruwa, in ji mai wannan ra'ayi. Hujja ce mai ƙarfi. Rauninta shi ne abin da aka kashe tare da mutumin, wato amincin kiran sarki. Daga ranar nan, duk sarkin garin da aka ce ya zo a gana sai ya shafa wuyansa tukuna. Littafin ma ya nuna hankali bai kwanta ba, don a dalilin tawayen nan sai da Sarkin Dawaki ya bar birni ya je ya zama Sarkin Aujara, can gabas. Abin da ake samu a kisan yaudara kwanciyar ƙura ce ta ɗan lokaci, abin da ake biya kuwa amana ce, kuma magada ne suke ƙarasa biyan bashin.

Ƙasar nan ta sake ganin rigimar sarauta da ta fi wannan muni. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi ya fice da 'yan'uwansa zuwa Takai, kudu da Gaya, aka shiga Yaƙin Basasa tsakanin waɗannan jikokin Sarki Dabo. Yusufu ya rasu a Garko a 1894 bai ga gadon ba. Tukur ya rasa ransa a 1895 bayan artabun Tafashiya. Alu Babba na ɓangaren Yusufu da ya ci nasara bai cika shekara goma ba Turawa suka zo a 1903, ya ƙare kwanansa a Lakwaja a 1926. Ita kuma tambayar da Farin Dutse ya tayar, ta matsayin Gaya a gaban Kano, ba ta mutu ba har yau. A 2019 gwamnatin jiha ta ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 aka soke dokar, a watan Yuli na shekarar aka mayar da ita mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma aƙalla yanzu a majalisa da kotu ake yi, da takarda da alƙalami.

Abin da ya rage shi ne maganar marubutanmu. Al'ummomi da yawa sun ɗauki Makbet sun sa masa rigarsu. Akira Kurosawa ya mayar da shi zamanin mayaƙan Japan a fim ɗinsa na 1957. Welcome Msomi na Afirka ta Kudu ya yi uMabatha da harshen Zulu a 1970. Masu kallon finafinan Indiya sun san Maqbool na 2003, inda Irrfan Khan da Tabu suka fito, aka mayar da labarin cikin 'yan dabar Mumbai. A nan gida Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan Shekspiya da sunan Daren Sha Biyu tun 1971. Wato hanya a buɗe take, kuma Bahaushe ma ba ya bukatar aro. Yana da sarkin da ya gudu Daura ya dawo da kunya, da hakimin da ya amsa kiran da bai kamata ya amsa ba, da matar da ta rayu tsakanin kabarin uba da turakar miji, da ɗan sarki a gonar taba. Tarihi ya ba da sunaye da shekaru, ya bar wa mai alƙalami daren da ba a rubuta ba.

Saboda haka kira ga marubutan wasan kwaikwayo na rediyo, da masu shirya finafinai a Kano, da malaman Hausa da tarihi a makarantun Gaya da Ajingi: a buɗe babin Dadi da na Sharefa a karanta wa ɗalibai, a je wurin dattawan da suka gaji labarin gidajen sarautar gabas a ɗauki abin da ke bakinsu tun suna raye, sannan wani ya zauna ya rubuta wasan Mariyama 'yar Farin Dutse.